Zuwa ga aminina a Fatakwal: batun digiri na biyu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Sakkwato zafi ya kankama, kowa a waje yake kwana.

Na ga saƙonka cewa kana son dawowa gida ka yi digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Sashenmu, inda ni ma nake karatu a wannan fannin, yana ƙarƙashin Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, can Dundaye, amma fom ɗin na Makarantar Karatun Gaba da Digiri ne, kuma ta intanet ake cike shi. Ka tanadi takardar digirinka, da ta bautar ƙasa, da sakamakon sakandare, da malaman da za su yi maka shaida. Tiranskirif kuwa, wato takardar cikakken sakamakonka na jami'a, tun yau ka fara nemansa daga tsohuwar makarantarka, kada ka jira a fara sayar da fom. Nawa sai da na yi ta sintiri kafin ya fito, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sai dai akwai abu ɗaya: kai kimiyyar lissafi zalla ka karanta, ba ka da shaidar malanta, don haka ka fara yin difilomar koyarwa ta PGDE. Ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, kana iya yinta ba tare da ka bar aikinka ba.

Ka ce abin da ya ja hankalinka shi ne ka iya kwamfuta. To, kada ka zo da tunanin kwamfuta za a koya maka. Ana taɓa manhajojin koyarwa irin su Moodle da Google Classroom, ana koyon haɗa darasi na bidiyo, amma kaso mafi tsoka na karatun shi ne tsara koyarwa: wa za ka koyar, me ya riga ya sani, me ke hannunsa, ta yaya za ka tabbatar ya koya. Akwai tsarin da ake kira ADDIE, matakai biyar daga nazarin ɗalibai har zuwa auna sakamako, za ka ji shi har ya gundure ka. Abin da ya fi yi mini amfani binciken wani Ba'amurke ne, Richard Mayer, wanda ya nuna cewa hoto da bayanin baki sun fi shiga kan ɗalibi, amma idan ka cika allon majigi da rubutu kana kuma karanta shi da baki, ka raba masa hankali. Tun daga nan na zubar da rabin rubutun da nake haskawa a aji.

Kuma ka san inda muke. A 2020 da korona ta rufe makarantu, rediyo ne ya kai darasi ƙauyuka, manhajojin nan masu cin data ba su wuce birni ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Ga kuma JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, yaro ya taso daga Tangaza ko Gudu, ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta. Ni a ganina duk wanda zai yi bincike a wannan fanni a Sakkwato bai sa waɗannan a lissafi ba, kundinsa a kabad zai ƙare. Wani lokaci a aji nakan kawo misalin Nana Asma'u. Ta horar da jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, ta ba su ilimi a waƙe don ya yi sauƙin haddacewa, suka kai wa matan karkara har cikin gidajensu. Tsarin da ake kira 'Yan Taru ke nan, karatu daga nesa tun ƙarni na 19. Abokan karatuna suna ce mini ɗan gargajiya.

Shi ya sa nawa binciken a kan darussan murya na Hausa yake, waɗanda ake turawa waya zuwa waya ba tare da data ba. Aji biyu zan gwada, ɗaya da muryar ɗaya babu, a yi musu jarrabawa kafin a fara da kuma bayan an gama. Na kare shawarar binciken a gaban malamai, yanzu ƙididdiga ce ta sha mini kai. Kai da lissafi yake jininka, manhajar ƙididdiga ta SPSS ba za ta ba ka wahala ba, ka ga ni ma na samu mai taimako.

Batun kuɗi kuma, tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kai da kake aiki a makarantar kuɗi aljihunka ne zai yi aiki. Ka yi lissafin kuɗin makaranta, da na mota zuwa Dundaye, da buga kundi sau da yawa, don duk gyaran da sufabaiza ya yi sai an sake bugawa. Masauki kam kada ka damu, ɗakin soro yana nan.

Da zarar an fara sayar da fom zan kira ka. Ka turo mini hoton takardunka ta WhatsApp in duba. In ka zo sai mu tsaya Kwalkwalawa mu sayi kifi, na san na teku ya ishe ka. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka leƙo ba. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Naka amini a Sakkwato