Kuɗin sauyin yanayi: mu a Legas har yanzu daga aljihunmu muke biya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12 da ke Legas, ina kuma zaune da iyalina a Agiliti. Na daɗe ina jin labarin kuɗin da ake cewa ƙasashe masu arziki za su ba irin namu don jure sauyin yanayi, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi yadda abin yake a ƙofar gidana.

Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi aka sako ruwan madatsa, kogin Ogun yakan cika ya shigo mana unguwa. Gadona a kan bulo huɗu yake. Maiɗakina ta saba rataye buhun shinkafa da takardun makarantar yara a jikin rufi tun kafin watan tara. Mukan haɗa kuɗi gida-gida mu sayi yashi mu cika buhuna, mu kafa gadar katako daga lungu zuwa titi. Ranar da ruwan ya fi ƙarfin gadar, sai yaro ya biya kuɗin kwalekwale kafin ya je makaranta. Bayan ruwa ya janye kuma ga sauro, ga kuɗin magani. Wannan shi ne abin da masana ke kira daidaita rayuwa da sauyin yanayi, kuma mu talakawa ne ke biyansa.

Can gida ma haka ne. Ƙanena da ke noman tumatir a Kano, in zafi ya yi yawa furen ya zube, in ambaliya ta zo ta cinye gona. Kwando ya yi tsada a nan, masu saye su yi ta ganin laifinmu.

To ina kuɗin? A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Kofanhegan a 2009, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ce sai a 2022 aka cika, kuma a cikin kusan biliyan 116 da ta lissafa, abin da ya tafi ga kare jama'a daga illar yanayi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mafi yawan abin da gwamnatoci da bankunan raya ƙasa suka bayar bashi ne. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wanda ya ƙona maka rumbu ya dawo ya ranta maka hatsi da ruwa a kai, wannan ba taimako ba ne. A taron Baku kuma, a 2024, an ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Allah Ya sa da gaske ne, amma yaran da ke tsallaka gadarmu yau sun zama magidanta kafin lokacin.

Ba na ɗora komai a kan Turawa. Nijeriya na da asusun kula da muhalli, tana da dokar sauyin yanayi tun 2021. A nan Legas mun ga an gina katangar duwatsu ta tare teku a sabon birnin Eko Atlantic, ke nan an san yadda ake tare ruwa idan akwai kuɗi a bayan wurin. Mu magudanar ruwa kawai muke nema, da yashe hanyoyin ruwa kafin damina, da sanarwa kan lokaci da harshen da muke ji, har da Hausa.

Roƙona gare ku, ku turo wakilinku ya bi sawun waɗannan kuɗaɗe: nawa ya shigo, nawa kyauta, nawa bashi, wace unguwa ta gani a ƙasa. In ya zo a watan goma, ya taho da takalmin roba, ni zan zagaya da shi.

Naku,
Wani ɗan kasuwar gwari,
Mile 12, Legas