Daga Wuhan, cikin sanyi

Wuhan, 9 ga Disamba

Sarkin Barci,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Kafin ka fara ƙorafin na yi shiru, kai ma wata biyu ba ka neme ni ba, mun yi canjaras. Maganar kuɗin jirgi da ka tambaya tana raina, zan zo kanta a wata wasiƙar.

Albishirinka, na zama malamin Turanci. Yi dariyarka, na san ka tuna ranar muhawarar nan. Wani yaro ne a ɗakin bincikenmu zai zauna CET-6, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'o'in Sin, a wannan watan, muka yi ciniki: in duba masa Turanci, ya gyara min Sinanci, ya kuma biya min taliyar Lanzhou a shagon Musulmi da ke bakin ƙofa.

Kwana uku muna kokawa da "huddle up". Na ce masa a matsu ne wuri guda, a dunƙule, kamar kaji a akurki da hunturu. Wannan ya shige shi. Furucin ma na haƙura, "hado" yake cewa, don gaɓar Mandarin, wato Sinancinsu, ba ta ƙarewa da lam. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne "up". Wai in taruwa ce, me ya kai ta sama? Wallahi na yi zuru. Mu haddacewa kawai muka yi, wa ya isa ya tambayi Malam dalili ga dorina a kan tebur?

To shekaranjiya sanyi ya ishe mu. Wuhan tana kudu da kogin Huai, ba a jawo wa gidaje bututun ɗumi kamar su Beijing, kowa tasa ta fisshe shi. Mu biyar muka kewaye 'yar hita ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, sai na ji wata ta kira sauran tana cewa "ju qilai", wato a taru. Na juya na ce masa, kai, "qilai" ba tashi ba ne? Ba shi ne a "zhan qilai", miƙewa tsaye ba? To ku me ya kai taruwarku sama? Ya yi tsit, can ya doki tebur har shayi ya zube. Tun ranar bai sake kuskure ba, har damun mutane yake da "huddle up" a layin abinci.

Na ma lura "chuqu" da "chulai" ɗinsu tamkar fita da fito ne. Da na gaya masa mu wasali ɗaya muke canzawa, cewa ya yi Hausawa marowata ne.

Af, da gaske ne mai shayin unguwa ya ƙara aure? Ƙanwata ta fara ba ni labari intanet ya yanke. Ka rubuto min dalla-dalla, har wa ya biya sadaki. In ka samu mai tahowa Guangzhou ka ba shi yaji da kuka, nawa saura gindin kwalba.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Ɗan Sin