A fara neman dangi kafin a ce gidan marayu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Duk sanda aka ceto yaro daga hannun masu gana masa azaba, irin yaron nan na Birnin Kebbi da aka tarar a ɗaure cikin dabbobi a 2020 bayan rasuwar mahaifiyarsa, sai ka ga kowa ya ɗau zafi, hotuna sun cika Facebook, an kai shi asibiti, manya sun zo dubiya, to daga nan fa? Wa zai riƙe shi har ya girma?

Ni dai a ganina jami'an ma'aikatar mata su fara cigiyar dangi tukuna. Riƙo ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ko a Risala da ake karantawa a zaure an faɗa, in uwa ta rasu ko ta yi wani aure reno na kaka ne, sannan inna. Gidan yara irin na Nassarawa a Kano yana da ranarsa, amma ma'aikaciya in lokaci ya yi tashi za ta yi ta tafi gidanta, kaka kuwa da shi za ta kwana ta tashi, ita ta san asalinsa.

Sai dai fa kar a miƙa yaro a juya baya, nan ne abin ke ci min rai wallahi. Kakar nan ƙila ƙuli-ƙuli take sayarwa, ga tsadar masara ga kuɗin magani, shi ya sa za ka ga 'yar riƙo da farantin talla tsakar rana ko an tura ta aikatau, wani kawun ma gadon yaron kawai yake hange. Dokar haƙƙin yara tana nan tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023, to a yi aiki da su mana. Kotu ta rubuta wanda aka ba, mai unguwa ya shaida, a ɗan yanka wa mai riƙon wani abu duk wata ko da daga hukumar zakka ne, jami'i ya riƙa leƙowa ba sanarwa, ya keɓe da yaron ya ji ta bakinsa. Kuma in wa da ƙani ne don girman Allah kar a raba su.

Taku,
wata mai karatu daga Kano