Zuwa ga Malam Habu, daga Gadarif

Assalamu alaikum Malam Habu,

Da fatan kana lafiya kai da iyali, ya Hajiya da ƙafar tata, ya Kano. Mu nan Gadarif ta Sudan alhamdulillahi, an shiga yankan riɗi, garin dai cike yake maƙil tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023, duk gidan da ka shiga sai ka tarar da mutanen Khartum ko na Madani.

Saƙonka ya iso, wallahi maganar ƙaninka ta tsaya min a rai. Kace baya barci, yana surutu shi kaɗai, gida kuma ya rabu biyu, su Baffa sunce a kaishi gidan malam a sa masa mari, kai kuma kace asibiti kawai babu zancen malam. Habu dan Allah kada ka bari ta zama rigima, yaron ne zai sha wuya a tsakaninku.

Ka tuna asibitin Tijani Almahi na Omdurman da muke wucewa ta gabansa? Mai sunan nan shi nake so ka sani, don ni duk ɗan abin da nake yi a wajen aikin jinya sawunsa nake bi. An haifeshi 1911 a Kawa, bakin Farin Nilu, ya gama makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum 1935, daga baya ya tafi Landan ya samo takardar ƙwarewa kan ciwon ƙwaƙwalwa a 1949, shi ne ɗan Sudan na farko da ya samu. Da ya dawo ya buɗe wajen duba marasa lafiya a Bahri, wato Khartum ta Arewa. To kaga mutumin da ya dawo daga Ingila da irin wannan takarda a wancan zamani, da yaso sai ya ɗaga hanci yace malamai da shehunnai duk jahilci ne. Bai yi ba. Takawa yayi da ƙafarsa yaje wajensu, ya zauna yaga yadda suke karɓar mara lafiya, har masu zar, wato irin borin nan Sudan, sai da ya bincika al'amarinsu, saboda ya gane mutanenmu can suke fara zuwa, kuma maganar shehi ɗaya tafi takardar likita goma nauyi a kunnen dangi. Sai ya ja su jiki suka riƙa turo masa waɗanda ciwonsu na asibiti ne. Ku ma can Najeriya Dakta Lambo ya kama hanya mai kama da wannan a Aro ta Abeokuta.

Muƙamai kam ya riƙe, yayi wa hukumar lafiya ta duniya aiki a Iskandariya, bayan juyin Oktoba na 1964 da ya kawar da shugaban mulkin soja Janar Abbud yana cikin majalisar ƙoli ta ƙasa, shi ma ya tarbi sarauniyar Ingila a 1965. Amma ni ba wannan ke burgeni ba. Koyarwarsa ce, ya zama farfesa a jami'ar Khartum, ya rasu 1970, dubban littattafan da ya tara suka koma ɗakin karatun jami'ar, waɗanda suka biyo bayansa irin su Dakta Taha Ba'ashar suka ɗora daga inda ya tsaya. Allah Ya jiƙansa, Ya tsare littattafan nan daga wutar yaƙi.

Kwanaki aka kawo mana wani saurayi cikin waɗanda suka gudo, wuyan hannunsa duk sawun igiya har ya yi ruwa, mahaifiyarsa ta rantse bazai sha ƙwayar asibiti ba sai malaminsu ya yarda. Mukaje muka gaida malamin, dattijo ne mai fahimta, da kansa ya wanke allo ya miƙa wa yaron rubutun a ƙoƙo yace ya haɗiye ƙwayar dashi. Yanzu yana barci, har kasuwa yana raka kawunsa.

Don haka kaje ka samu Baffa cikin ladabi, kada kace masa malam ba komai bane, kace ayi addu'a ayi tofi, kai ma kana so, amma mari da duka a'a, wannan kam ka tsaya kai da fata. Ku kaishi asibitin masu taɓin hankali likita ya duba, a auna jininsa, wani lokacin zazzaɓi ne ya hau kai, wani lokacin shaye-shaye ne da gida basu sani ba. In an bashi magani kada a tsayar don anga sauƙi sai likita yace, a nan mutane suka fi yin kuskure. Kuma a samu mutum ɗaya da yaron ya yarda dashi ya riƙa kwana kusa.

Ka gaida Hajiya da su Baffa, ka sanar dani abin da likitan yace, in intanet ta yanke a nan ka bar saƙo zan gani. Allah Ya bashi lafiya.

Naka,
Usman