A riƙa rera baitin kafin a kunna kwamfuta

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana mawaƙa da masu haɗa kiɗa, don nima na daɗe ina zama gaban fiyano a situdiyo.

Yanzu yawanci yadda ake yi, mawaƙi zai shigo hannu rabbana, ba baiti ba amshi, sai ya ce wa furodusa kunna min kiɗan da kake da shi, in ya ji wanda ya masa sai ya sa hedifon ya fara cusa kalmomi a ciki ko sun shiga ko basu shiga ba. Toh anan ake samun matsala, domin Hausa yare ne mai karin sauti, kuma akwai dogon wasali da gajere. Kuka na hawaye daban, kuka ta bishiya daban, muryar ce kawai ke raba su, na farko a sama yake tafiya har ƙarshe, ta biyu kuma saukowa take. Haka gari da ake zama a ciki da gari da ake niƙawa, jan wasalin ne ya bambanta su. In kiɗan ya hau inda kalmar take so ta sauka, dole mawaƙi ya murɗe ta, shi yasa zaka ji waƙa da Hausa amma sai ka saurara sau uku kafin ka gane me ake cewa, wani lokacin ma har yau baka gane ba, rawa kawai kake.

Makaɗan zamanin da ba haka suke ba. Mawaƙi ne ke ɗauko kari, ƴan amshi su karɓa, mai kalangu ya bi bayan muryar yana matse tsarkiya yana saki har gangar ta faɗi abin da bakin ya faɗa. Marubuta waƙa kuwa sai sun auna gaɓoɓi, doguwa da gajera, kafin su ce baiti ya tsaya.

Ni ba ƙin na'ura nake ba, da ita nake cin abinci. FL Studio, manhajar haɗa kiɗa da mukafi amfani da ita, kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ya yi ta, da can sunanta FruityLoops, kuma ta sa yaro mai laftof ɗaya yana aikin da a da sai an tara makaɗa goma. Auto-Tune ma, manhajar gyaran murya, a 1997 ta fito, wanda ya ƙirƙiro ta Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa wajen neman man fetur, kuma an yi ta ne don a ɗan daidaita murya in ta kauce kaɗan. Mu kuma sai mu ƙure ta har ƙarshe, kowa ya fito da murya iri ɗaya kaman an haife su rana ɗaya, haba.

Abinda nake yi yanzu in mawaƙi ya zo, bana kunna komai. Sai in ce rera min amshin da bakinka kawai kana tafi, in ɗauka a waya, mu saurara tare, in akwai kalmar da ta karye mu canza ta tun anan. Daga tafin nan nake gane saurin da waƙar ke so, sannan in ɗora ganga, in bi da bes, wato sautin nan mai kauri, fiyano ne ma ƙarshe. Wasu haushi suke ji wlh, suna ganin ɓata musu lokaci nake, wani ma ya taɓa ɗaukan jakarsa ya fita. Amma wanda ya daure, in mun zo ɗaukan murya da wuya mu wuce sau biyu ko uku mun gama baiti.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Naka,
Wani mai haɗa kiɗa