Sanarwa kan gwajin tsayawar jini ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar ƙarfe 9 na safe za mu haɗu a ɗakin gwaji mu maimaita gwajin lokacin tsayawar jini, tunda jarabawa ta matso kuma wasunmu har yanzu hannu na rawa.

Kowa ya zo da farar riga, safar hannu da agogo mai sakan. Takardar tsotse jini ni zan kawo.

Hanyar Ivy za mu bi, a ɗaura abin awon hawan jini a damtse ya tsaya kan 40, a ɗan tsaga fata ƙasan gwiwar hannu inda ba jijiya, sai a riƙa ɗauke jinin da gefen takarda duk sakan 30 har ya tsaya. Don Allah kar takardar ta taɓa bakin ciwon, kana taɓawa ka ɓata daskarewar da ta fara, lissafi ya tashi.

Wanda ya sha asfirin cikin satin nan ya faɗa, ba za a gwada a jikinsa ba don yana jan lokacin.

Ƴan Kurna da Hotoro a fito da wuri, kun san cunkoso. Allah ya kaimu lafiya.