Likita, yaya zan yi da tukunyar surukata?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya saka da alheri kan wannan fili da kuke gabatar mana duk mako. Dan Allah a sakaya sunana don mutanen gidanmu ma suna sauraro, in aka gane ni ce na shiga uku.

Ni matar aure ce a Zariya, yarana uku, gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana, Hajiya, ta haura shekara 60. Shekara biyu kenan da aka gano tana da hawan jini, bara kuma suga ya zo ya haɗu da shi, ranar da muka kai ta asibiti jininta 170/100 ne, sugan da aka auna da safe kafin ta karya ya wuce 200, nas ɗin ta ce mana daga 126 ma an shiga ciwon. Aka rubuta mata amlodipine na hawan jini da metformin na suga, aka ce a rage gishiri da zaƙi, ta riƙa tattaki. Duka bayanin bai kai minti biyar ba saboda layin da ke bayanmu, ban ga laifinsu ba gaskiya, amma haka muka fito da takarda a hannu kanmu a duhu.

Toh tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan kuma ni ce mai girkin. Na ji a filin nan kun ce gishirin da mutum zai ci a yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da na cikin magi da burodi, sai na rage. Ranar farko Hajiya ta ɗanɗana miyar kuka ta ture kwanon ta ce "yau kuma lami aka yi mana?", ta aiki jikanta ya ɗauko gishiri ta barbaɗa a gabana. Washegari ƙanwar maigida ta kira shi a waya wai ina yi musu horon yunwa da uwa. Likita ka san zama da suruka, sunanta ma ba na iya kamawa balle in ɗaga ido in ce mata kar ki ci kaza, shayinta na safe cokali uku na suga take zubawa ina kallo, wallahi cikina ke juyawa amma bakina ya mutu.

Maganin ma sai ta ga dama. In kanta ba ya ciwo sai ta ce ai ta warke, mai lafiya ba ya shan ƙwaya. Ta ce na hawan jinin yana kumbura mata ƙafa, kuma gaskiyarta ne don na ga kumburin a idon sawu, na sugan kuma yana murɗa mata ciki har da gudawa. Sai ta koma ruwan shuwaka da tafarnuwa da wani jiƙo da ake tallansa a mota da lasifika wai yana raba mutum da suga kwata-kwata. Ni ba na raina maganin gargajiya, da shi aka raine mu, amma yayanta haka ya yi ta cewa lafiyarsa ƙalau har ranar da ya faɗi a bakin masallaci ɓarin jikinsa ya shanye, yanzu sai an kwantar an tayar. Shin in an koma asibiti ana iya canza mata wani maganin da ba zai kumbura ta ba, ko haka za ta daure?

Sannan maganar abinci ta rikita ni. Kowa cewa yake mai suga alkama da acca zai ci, na sayi accar da tsadarta ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce, tuwon masara ta sani. Shin alkamar da gaske ba ta ɗaga suga, ko yawan malmalar ne abin dubawa? Wata maƙwabciya kuma ta kawo mata zuma wai wannan ba komai tunda magani ce. Ga azumi na tafe kuma na san ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta ɗauka, da kunun tsamiya da dabino da ƙosai a buɗa-baki, yaya za a yi da lokutan shan maganin, kuma wace alama ce in na gani dole ta karya? Tattakin ma ba ta fita sai biki ko gaisuwa, ko zagaya tsakar gida na minti 30 ya wadatar?

Maigida direba ne, sai ya yi sati bai kwana gida ba, in na yi magana ya ce in bi ta a hankali. Shi kansa shekararsa 43 ga tumbi ga lemon kwalba kullum, ya ƙi a auna shi wai kar a ɗora masa ciwo.

Dan Allah Likita ko da ba za ka karanta wasiƙar duka ba, ka yi maganar daina magani in an ji sauƙi a shirin ranar, Hajiya ba ta wuce filin nan, rediyon a gefen tabarmarta yake, in daga bakinka ta ji za ta ɗauka. Na gode, a gaida abokan aiki.

Mai sauraronku daga Zariya